Tausa Ba Ta Ƙarewa a Kan Tabarma

Ƙarar butar ƙarfe ce a kan daɓe. Ba faɗuwa ta yi ba, jan ta ake yi: ƙiii, a tsaya, ƙiii, a tsaya. Ina amarya a lokacin, ban daɗe da tarewa a gidan su Malam a Rano ba, ina tankaɗen garin tuwo a bakin madafa. Da na leƙa sai na ga Inna, mahaifiyar maigidana, zaune a ƙasa tana tura butar gabanta, tana jan jiki zuwa wurin alwala. An kira azahar ke nan. Muka haɗa ido, ta ce, "Koma kan tankaɗenki, 'yar nan. Ƙafar ce ta yi mini gardama yau." Ashe ba yau ta fara ba, ta kwana biyu tana ɓoyewa. Daga wannan ƙara sana'ata ta faro, ko da yake a ranar ban san sana'a ce ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku 'yan matan da kuke shigowa gidana ku tarar ina narka man kaɗe, ku ce, "Mama, ai tausa matsa jiki ce kawai, ko ni zan iya." Za ku iya mana. Amma ku zauna tukuna ku ji yadda take.

Gwaggo Ladi aka aika wa. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, tana aure a Tarai ta ƙasar Kibiya, ungozoma ce kuma mai tausa. Ta iso ranar kasuwa a bayan akori-kura, ta sauka a gidan ƙaninta da ke bayan layinmu, kullum da hantsi sai ta shigo da ƙunshinta a ka. Gajeriya ce, hannuwanta kamar na manomi, bakinta kuma ba ya raga wa kowa. Ni aka ba ta in riƙa dafa mata ruwa.

Abin da ke cikin ƙunshin nan shi ne kayan aikina har yau. Man kaɗe sabon bugu, don wanda ya daɗe wari yake yi, tsohuwa ta ƙi kwana da shi a jiki. Man shanu kaɗan daga wurin matan Fulani masu kawo nono, ga wadda fatarta ta bushe tana tsagewa. Tsumma na atamfar da ta sha wanki, domin sabuwa ba ta riƙe ruwa, kuma tana kartar fata. Ganyen darbejiya da na runhu, a tafasa su tare. Sai yashin rafi, a wanke, a shanya, a soya a kasko, a ƙulle a tsumma a ɗora a ƙugu. Kafin zafi ya taɓa jikin kowa sai Gwaggo ta kanga shi a wuyanta. Ta ce fatar tsoho ta fi ɓawon albasa laushi, ga su da kunya, za ki ƙona mutum yana ce miki sannu da aiki. Daga baya na ƙara wa kaina doka guda: mai ciwon suga ba na gasa mata ƙafa sam, don ba ta jin zafin sai ya yi ɓarna.

Na daɗe ba ta bar ni na taɓa kowa ba. Matsar tsumma kawai nake yi, daga tafasasshen ruwa, har tafin hannuna ya daina sanin zafi. Da ta ga na dage, sai ta riƙa kwanciya ta ba ni bayanta. Ina dannawa tana yi mini tsiya.

"Ke, tuwo kike tuƙawa ko mutum kike taɓawa?"

In na sassauta ta ce, "Au, yanzu kuma ƙuda kike kora mini?"

A bayanta na koyi cewa ba a danna ƙashi, naman gefensa ake bi. Ba a farawa daga inda ake kuka da shi, daga nesa ake tahowa, kamar yadda ake shiga gidan mutane da sallama. Mai ciwon gwiwa, cinyarta da sha-raɓarta za ki fara lallashi. Kuma idonki yana kan fuskarta, ba kan hannunki ba, don baki zai ce babu komai, goshi ne zai gaya miki gaskiya.

Duk wannan ana iya koya. Abin da ya fi shi kuwa a ranar farko na gan shi, ban gane ba sai da aka jima. Gwaggo ta gama yi wa Inna gashi da tausa, ta ɗaure ƙunshinta, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ƙi tafiya.

"To, Hauwa, ba rakiya? Na taso tun daga Tarai, haka za ki sallame ni kamar mai tallan kuka?"

Inna ta ce, "Ladi, ki ji tsoron Allah. Da wace ƙafar?"

"Da wadda na gama yi wa bauta yanzu. Ko bakin ƙofar nan ne."

Inna ta tashi tana mita, ta dafa bango, ta dafa kafaɗata, ta kai bakin ƙofa. Washegari rakiya ta kai bakin rijiyar tsakar gida. Bayan 'yan kwanaki ta kai soro. Gwaggo ba ta taɓa cewa "yi tafiya don lafiyarki" ba. Hira take ja, ta kawo labarin wata ƙawarsu da ta yi aure sau da yawa, ta ƙi ƙarasa shi sai an ƙara taku. Kafin ta koma Tarai, rakiya ta kai ƙofar masallacin unguwa, inda tsofaffin mata ke ɗaukar karatu a rumfar gefe bayan la'asar. Can ta miƙa Inna ga 'yan'uwanta ta yi tafiyarta.

A hanyar raka ta tasha ta yi mini bayani, sau ɗaya, ba ta kuma maimaitawa ba. Ta ce hannunta kwance jijiya kawai yake yi, in ba a taka ƙafar ba kafin dare ta sake ɗaurewa. Tsohuwa kuwa in kika ce mata ta tashi ta motsa, sai ta ce ina za ni? Amma baƙuwa ta tsaya tana jiran rakiya, kunya ba za ta bar ta ta zauna ba. Sannan rakiyar sai tana da inda za ta dire, wurin da tsohuwar za ta ci gaba da zuwa bayan ke kin daina shigowa. Kasuwa ta yi musu hayaniya, biki da suna ba kullum ba ne. Masallaci da makaranta su ne ba sa ɗaga lokacinsu, kuma in ba a ga mutum ba za a biyo sawu. Inna ta yi shekaru masu yawa bayan nan tana zuwa karatu da Juma'a da tafsirin azumi a ƙafarta, Allah ya jiƙanta.

Da yarana suka tasa, Malam ya yarje mini in riƙa shiga gidajen unguwa. Daga nan aka fara aiko mini daga Yalwa, daga Dawaki, wani lokaci har Kibiya. Mata kawai nake yi wa, yawancinsu sa'o'in uwata. Abin sallama kuwa abin da ya sawwaƙa ne, wata sabulu, wata gyaɗa, wata addu'a mai tsawo har ruwan ya huce.

Wata tsohuwa a Dawaki, jikanta ya ɗauke ni a mashin ranar da aka kwana ana ruwa. Na tarar gwiwarta guda ta kumbura tana sheƙi, na ɗora bayan hannuna na ji ta da zafi kamar murfin tukunya, ga zazzaɓi. Na mayar da tsummana cikin ƙunshi na ce a kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Suka ji haushi, 'yarta har da cewa an sha wahalar ɗauko ni a banza. Na ɗauki ƙunshina na fito. Sanin inda hannunki ba ya zuwa rabin sana'ar ne. Kumburi mai zafi, ɓarin jiki da ya saki dare ɗaya, baki da ya karkace, faɗuwar da mutum ya kasa taka ƙafa bayanta, waɗannan ba na man kaɗe ba ne.

A hankali hannuna ya fara gane masu fita daga masu zama tun kafin in tambaya. Tsohuwar da ke zuwa masallaci, yatsun ƙafarta suna lanƙwasuwa saboda sujada, idon sawunta yana juyawa, sha-raɓarta tana da ɗan tauri. Wadda ta zauna, naman ya saki kamar zanin da ya sha jiki, dunduniya ta yi laushi, ƙafar ta yi sanyi ko da rana tsaka. Ba a ƙafa kawai abin ya tsaya ba. Mai fita tana wanka da wuri don za a gan ta, tana saka kwalli, tana cin abinci don kada jiri ya kwashe ta a hanya. Tana sanin ranakun mako. In ta yi fashi, kafin magariba wata ta dogaro sanda ta zo ta ce lafiya ba mu gan ki ba, a nan ake gane ciwo tun yana ƙarami. Ni ba likita ba ce, ban kuma ce masallaci yana hana tsufa ba. Na ga masu zuwa da ciwo ya kayar, na ga masu zama da suka daɗe. Abin da hannuna ya taɓa kawai nake faɗa muku.

Muguwar shekararmu ita ce ta kullen korona. Aka rufe makarantu, aka hana sallar jam'i, ko da aka buɗe masallatai aka ce tsofaffi su dakata tukuna. Gaskiya aka faɗa, don cutar su take kayarwa, kuma mun yi rashi. Ni ma na rataye ƙunshina, man kaɗe ya yi wari a cikin gwangwani na zubar. Da aka fara shiga gidaje kuma, sai na tarar da wani abin daban. Matan da na sani suna rige-rigen sahun gaba, na same su a kan katifa suna kiran a miƙo musu ruwa. Ba cutar ce ta taɓa su ba, zama ne. Wasu sun tashi. Wasu ba su ƙara ganin ƙofar gida ba sai da aka fita da su.

Hajiya Mairo na cikin waɗanda na samu a zaune. Gidanta ba shi da nisa da masallacin Juma'a, kuma tun rasuwar mijinta ba a taɓa tayar da huɗuba ba ta cikin rumfar mata ba. Ɗanta na fari, Alhaji Garba, yana da motocin haya tsakanin Rano da Kano, mutum ne mai jin ƙan uwarsa, wannan kowa ya shaida. A cikin kullen nan ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu. Ba ta karye ba, amma shi ya tsorata. Ya sa aka fasa bango aka yi mata banɗaki a cikin ɗaki. Ya kawo kujerar roba ta salla, ya kawo rediyo mai sola don ta ji wa'azi daga kan gado, ya ɗauko wata mata tana yi mata komai, har buta ita ke miƙa mata. Duk abin da zai sa Hajiya ta miƙe tsaye, Alhaji ya saye shi ya kawar. Aka buɗe gari, kowa ya koma harkarsa, ita tana nan.

Ranar da na fara shiga na tarar da ita ta yi fari ta kumbura, carbi a hannu, rediyo yana ta magana ba mai saurare. Na kama yatsun ƙafarta, sun ƙi lanƙwasuwa. Na tambaye ta abin da ya fi damunta, ina jiran ta ce gwiwa ko ƙugu.

Ta ce, "Rabi, goshina ya manta ƙasa. Ranar Juma'a ina jin liman ta lasifika kamar a tsakar gidan nan yake, ni kuma ina kan roba kamar mai jiran layin asibiti. In Allah zai ɗauke ni, ina so ya tarar na koma wurina."

Na ce a fara kai ta asibiti a auna jininta a duba ƙugun. Aka kai ta, ma'aikaciyar asibitin ta ba ta maganin hawan jini, ta ce ƙashi lafiya lau, ta riƙa takawa a hankali da mutum a gefenta. Sannan na sa hannu. Gashi da ruwan ganye, yashi a ƙugu, man kaɗe daga cinya zuwa yatsu. Da na gama na ɗaure ƙunshi, na saka hijabi, na tsaya a bakin ƙofa.

Ta dube ni. "Kin manta wani abu ne?"

"A'a, Hajiya. Rakiya nake jira."

Ta yi dariya har da tari. "Ja'ira. Wa ya koya miki wannan rashin ta-idon?" Amma ta miƙo hannu.

Abin ya tafi yadda ya saba, sai dai a hankali, don ta daɗe a zaune. Bakin ƙofa, gindin lemon tsakar gida, soro. Ranar da ta fara leƙa waje ta tsaya ta riƙe ƙyaure tana kallon layin kamar baƙuwa, tana tambaya wa ya gina wancan shagon, ina bishiyar da ke nan. Daga nan muka kai dakalin maƙwabta, muka kai shagon tela. A shagon telan nan ne wani direba ya gan mu.

Washegari na tarar da Alhaji Garba a soro, a tsaye, makullin mota a hannu. Na rissina na gaishe shi, ya amsa a gajarce.

"Maman Sadiya, tausa na ce a yi wa Hajiya, ban ce a yi yawo da ita a gari ba. Kin san abin da aka ce mini a tasha? Wai, Alhaji, mai ya yi tsada haka ne, har Hajiya a ƙafa? A gaban yarana aka faɗa."

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Ƙafar ce sai ana takawa take riƙe aikin."

"In ta sake faɗuwa fa? Ke za ki ɗauke ta? Addini ya yi mata rangwame, ta yi salla a zaune. Juma'ar ma ai ba ta wajaba a kan mace ba."

"Haka ne, Alhaji. Ni ba fatawa na zo bayarwa ba."

"To, tausa a ci gaba, fita kuwa an gama. In Juma'a take so, ga mota."

Ban ja da shi ba. Uwarsa ce, kuma tsoron da ke idonsa na gaske ne. Na ci gaba da zuwa ina yin rabin aiki. Ba a daɗe ba abin da muka kwance ya fara komawa, na ji shi a hannuna. Mai yi mata hidima ta ce tuwon dare ma yanzu taɓawa kawai take yi.

Juma'ar da aka kai ta a mota ina ciki. Aka ɗago ta aka saka, gilashi a rufe, muka wuce layin ba ta gaisa da kowa ba. A ƙofar masallaci ƙafar ta sage saboda zaman mota, sai da direba ya kira wasu mata aka taru aka fito da ita, mutane suna kallo suna sannu, sannu. Aka dasa mata kujera a bakin rumfa, can baya wurin takalma. Ana sallamewa aka kwashe ta don kada cunkoso ya ture ta. Muka dawo gida. Da aka kwantar da ita ta juya fuska bango ta ce, "An kai buhu an dawo da shi."

Bayan kwana biyu ta aika a kira shi, ta kuma sa aka kira ni. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku san wannan ba: matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ma yi masa magana kai tsaye in da hali. Alhaji ya shigo ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, babban mutum da furfura a gemu. Hajiya ta kalle ni, ba ta kalle shi ba.

"Rabi, ki gaya wa mai gidan nan, na gode da banɗaki, na gode da rediyo, Allah ya yi albarka."

Ya ce, "Amin, Hajiya."

"Ki kuma tambaye shi, a gidan ubansa ya taɓa ganin baƙo ya fita ba rakiya? Yarinyar nan ta bar girkinta ta zo ta durƙusa tana shafa mini ƙafa, ta tashi tafiya in bi ta da ido daga kan gado? Haka na rene shi?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, faɗuwa nake tsoro."

"Ki gaya masa a cikin gida na faɗi, ba a hanyar masallaci ba. Ki gaya masa kuma, lokacin da yake koyon tafiya ya faɗi ya fi a ƙirga, har ga tabo nan a haɓarsa gemu ya rufe, ban ɗaure shi a kujera ba."

Ni dai ina tsakiya, kaina a ƙasa, ban isar da saƙo ko ɗaya ba. Alhaji ya shafa haɓarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To mutane fa, Hajiya? Ina da mota a ce uwata tana tafiya a ƙasa?"

"Ki ce masa motar ta ɗauki kujerar ta kai mini. Ita ce ba ta da ƙafar tafiya."

Dariya ta ƙwace masa, ya rufe baki da hula, ya goge ido. Da zai fita ya ce mini, "Maman Sadiya, amana. Kada ki sake ta." Da yamma ya aiko da sanda mai roba a gindi daga Kano.

Muka koma daga soro, don abin da aka rasa sai an sake nemo shi. Dakali, shagon tela, mai ƙosai, kwanar da ake hango hasumiya. A ɗaki kuma ina koya mata sauka ƙasa: ta dafa gado, gwiwa ɗaya ta fara sauka, ɗayar ta biyo. Saukar ba ta kai tashin wuya ba. Ranar da ta fara kai goshinta kan darduma ta daɗe ba ta ɗago ba, har na matso in duba. Ta ɗaga mini hannu alamar in bar ta.

Juma'ar da muka fara zuwa a ƙafa, tun hantsi ta yi wanka ta saka kwalli ta fesa turare. Mota ta wuce mu da kujerar roba a gidan baya, ita kaɗai, yara suna binta da dariya. Tafiyar da mai lafiya zai yi kafin ruwan shayi ya tafasa, mu sai da muka ci rabin safiya, ba don ƙafa kawai ba. Kowane gida sai an tsaya. Wannan ta yi mata barka, ta yi wa waccan gaisuwar rashin da ba ta samu zuwa ba, ta yi wa tela faɗan ɗinkin da ya ɓata mata tun kafin kulle. A bakin rumfar mata wata tsohuwa siririya ta taso, Iya Tabawa, wadda suka yi shekaru suna haɗa kafaɗa a sahu.

"La ilaha illallahu! Mairo, kina da rai? Ni na zaci an sha gumbarki ba a kira ni ba!"

"Taki zan fara sha, tsohuwar banza. Matsa mini, wa ya ba ki wurina?"

"Wurinki? Ai na gaje shi."

Suka rungume juna suna zagin juna suna kuka. Wurin nata a jikin bango yake, a sahun gaba. Ranar a kujera ta yi sallar, don tafiyar ta cinye ƙarfin. Ba a yi wata biyu ba ta daina aika motar. In za ta tashi daga sujada sai ta dafa bangon da hannu ɗaya, Iya Tabawa ta tallafi ɗaya gwiwar hannun, su miƙe tare suna nishi.

Na rage zuwa tausa, don aikin ya koma hannun hanya. Juma'a kawai na riƙe, in biya mata mu tafi tare saboda amanar Alhaji. Kumburin ya saɓe, ta koma cin tuwonta, ta koma yi wa mutanen gidan faɗa, wanda a wurin tsohuwa alamar lafiya ce babba. Ta shiga karatun la'asar ma, wai tana gyara Fatiharta.

Wata Juma'a da kaka baƙi suka yi mini dirar bazata daga Kibiya, na tsaya sauke musu abinci. Ga tawa gwiwar ita ma ta fara yi mini magana a shekarun nan, durƙuson tausa ba ya barin mutum haka nan. Na fito a makare ina ɗingishi ina sauri, raina duk a ɓace, ina tunanin na bar baiwar Allah zaune da hijabi tana jiran mai riƙe ta, ga ladan ya yi kiran farko. Na yi sallama a soro, na wuce ɗakinta, na tarar da ƙofa a ja. Wata 'yar jikarta da ba ta wuce shiga firamare ba tana zaune a gindin lemo tana yi wa 'yar tsanarta kitso. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hajiya ta yi gaba tun ɗazu, ita da Iya Tabawa. Ta ce kin cika nawa. Ta ce in kin zo ki taho a hankali kada ki faɗi, za ta kama miki wuri a jikin bango."